Kuɗi da sauya sheƙa sun canza wasannin jami'o'in Amurka: Ina rabon matasan Kano?

Tun daga ranar 1 ga Yulin 2025, manyan jami'o'in Amurka suka samu damar raba wa ɗalibansu 'yan wasa kuɗi har dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Idan aka lissafa a kan naira 1,500 kowace dala, kuɗin ya haura naira biliyan 30. Na jami'a ɗaya ke nan, a shekara ɗaya.

Shekara biyar kafin nan, ɗalibin da ya karɓi kyautar kuɗi ko mota daga wani attajiri mai son ƙungiyarsu yana iya rasa gurbinsa, makarantar ma ta sha hukunci.

A Na'ibawa da sauran unguwannin da ke gefen titin Zariya a Kano, babu wanda za a koya wa kasuwar 'yan ƙwallon Turai. Matashin da ke dako a 'Yan Lemo ko a 'Yan Katako zai iya zayyano nawa aka sayi wane, nawa ne albashinsa a mako, da shekarun da suka rage masa a kwantiragi. Amma kasuwar jami'o'in Amurka ba kasafai ake jin zancenta a gidajen kallo ba, alhali ta nan ne 'yan tsere da 'yan ƙwallon kwandon Najeriya da dama suka fita duniya a cikin shekara 40 da suka wuce.

Wannan hanya ce yanzu ta sauya kama. Kuɗin da ke cikinta sun ƙaru fiye da yadda aka taɓa zato, amma ƙofar shigarta ta ƙara tsukewa ga yaron da babu wanda ya san sunansa.

Yadda cinikin yake a da

Hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i da kwalejoji a Amurka, wato NCAA, an kafa ta ne a 1906. A yau tana da makarantu kusan 1,100 da 'yan wasa kimanin rabin miliyan. Tsawon fiye da shekara 100 ta tsaya a kan magana ɗaya: ɗalibi ɗan dagaji ne, ba ƙwararre ba, don haka ba a biyan sa. Abin da zai samu shi ne karatu kyauta, da ɗaki, da abinci, da littattafai.

Ga ɗan Najeriya, wannan ciniki ne mai kyau. Ta haka Hakeem Olajuwon ya bar Legas zuwa Jami'ar Houston a 1980. Masai Ujiri, wanda ya taso a Zariya kuma ya koyi ƙwallon kwando a hannun kocin nan Ba'amurke Oliver Johnson, ya fara ne daga wata ƙaramar kwaleji a Bismarck da ke jihar North Dakota, kafin daga baya ya zama shugaban ƙungiyar Toronto Raptors da ta ci kofin NBA a 2019. Tobi Amusan, wadda ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 a 2022, ta bi ta Jami'ar Texas da ke El Paso ne.

Matsalar ita ce wasan da ake cewa na 'yan dagaji ne ya zama babban kasuwanci. Gasar ƙwallon kwando ta watan Maris, wadda ake kira March Madness, ita kaɗai an sayar da haƙƙin nuna ta a talabijin a kan dala biliyan 8.8 na shekara takwas, a yarjejeniyar da aka tsawaita a 2016. Nick Saban, kocin ƙwallon zari-rugar Amurka a Jami'ar Alabama, yana ɗaukar sama da dala miliyan 10 a shekara kafin ya yi ritaya. Yaran da ke karya ƙafa da kafaɗa a fili kuwa, ko sisi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma hukumar ba ta wasa da dokarta. Reggie Bush ya mayar da kyautar gwarzon shekara ta Heisman da ya ci a 2005 saboda an gano iyalinsa sun amfana da kyaututtukan dillalai. Enes Kanter, ɗan Turkiyya, an haramta masa buga wa Jami'ar Kentucky wasa har abada a 2010, saboda ƙungiyar Fenerbahce ta taɓa ba shi kimanin dala 33,000 fiye da kuɗin ɗawainiyarsa.

Kotu ce ta rusa katangar

Wani tsohon ɗan wasan Jami'ar UCLA mai suna Ed O'Bannon ne ya fara tayar da ballin. Ya ga an sa kamanninsa a wani wasan bidiyo da ake sayarwa, ba a nemi izininsa ba, ba a ba shi komai ba. Ya shigar da ƙara a 2009, kuma a 2014 mai shari'a Claudia Wilken ta yanke cewa dokokin NCAA sun saɓa wa dokar hana haɗa baki a danne farashi.

A Satumbar 2019 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta ba ɗalibai damar cin moriyar sunansu. Sai a ranar 21 ga Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙolin Amurka su tara, babu wanda ya saɓa, suka yanke hukunci a kan NCAA a shari'ar Alston. Ɗaya daga cikinsu, Brett Kavanaugh, ya ƙara da nasa bayanin, inda ya nuna cewa da a wata masana'anta aka yi irin wannan tsari na hana ma'aikata lada, da tuni an ce haramtacce ne.

Kwana goma bayan haka, a ranar 1 ga Yuli, NCAA ta saki layi. Ta ce ɗalibi na iya karɓar kuɗi a kan sunansa da hotonsa da kamanninsa, abin da ake taƙaitawa da NIL. Ma'ana zai iya yin talla, ya sayar da riga mai sunansa, ya tallata kaya a Instagram ko TikTok.

Nan take attajirai da tsofaffin ɗalibai suka kafa asusun tara kuɗi a gefen kowace babbar jami'a. A takarda, kuɗin talla ake biyan yaro. A zahiri kowa ya san ladan wasa ne, da kuma lallashi don kada ya tafi.

Mataki na ƙarshe ya zo a ranar 6 ga Yunin 2025, lokacin da mai shari'a Wilken ɗin dai ta amince da sasancin da aka yi a shari'ar House, wadda aka sa wa sunan wani ɗan wasan ninƙaya, Grant House. NCAA da manyan rukunan jami'o'i suka yarda za su biya diyyar kusan dala biliyan 2.8 cikin shekara 10 ga 'yan wasan da aka hana su cin moriya tun daga 2016. Sannan aka buɗe wa jami'o'i hanyar biya kai-tsaye daga aljihunsu. Duk wata yarjejeniyar talla ta waje da ta kai dala 600 kuma sai an miƙa ta wani ofishin tantancewa da kamfanin Deloitte ke tafiyarwa.

Shi kuwa Reggie Bush, an mayar masa da kyautarsa a Afrilun 2024.

Kowa ya ga dama sai ya tashi

Kuɗi kaɗai ba su isa su girgiza tsarin haka ba, sai da aka haɗa su da 'yancin tafiya.

A da, ɗan ƙwallon kwando ko zari-ruga da ya so sauya jami'a sai ya nemi izinin makarantarsa, sannan ya zauna shekara guda bai buga ba. Koci na iya hana shi zuwa wasu makarantu da ya lissafa, alhali shi kocin yana iya tattara kayansa a kowane lokaci idan wata jami'a ta ƙara masa albashi.

A Oktobar 2018 aka buɗe wani rumbun rajista a intanet inda ɗan wasa zai sa sunansa, duk kociyoyin ƙasar su gani su neme shi. A Afrilun 2021 aka yarda kowa ya sauya sau ɗaya ba tare da zaman jira ba. A Disambar 2023 wani alƙali a jihar West Virginia ya dakatar da sauran takunkumin, kuma zuwa Afrilun 2024 NCAA ta haƙura: ɗalibin da karatunsa ke tafiya daidai zai iya sauyawa ko sau nawa ne.

Masu bin ƙwallon Turai za su tuna hukuncin Bosman na 1995, wanda ya ba ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare damar tafiya kyauta. To a jami'o'in Amurka abin ya zarce haka, domin kusan kowace shekara kowa yana kasuwa, kuma babu kuɗin saye da makarantar da aka bari za ta karɓa.

'Yan Najeriya na cikin waɗanda suka ci moriyar wannan. Rueben Chinyelu, wanda ya fito daga makarantar horarwa ta NBA da ke Saly a Senegal, ya yi shekara ɗaya a Jami'ar Jihar Washington, ya koma Florida a 2024, kuma a Afrilun 2025 yana cikin 'yan wasan farko lokacin da suka doke Houston da maki 65 da 63 suka ɗauki kofin ƙasa. Clifford Omoruyi, ɗan Benin, ya yi shekara huɗu a Rutgers sannan ya ƙarasa a Alabama. Ugonna Onyenso ya sa rigar jami'o'i uku cikin shekara huɗu: Kentucky, da Jihar Kansas, da Virginia. Ɗan tseren mita 100 Favour Ashe ya bar Tennessee zuwa Auburn. Great Osobor, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne amma ya taso a Sifaniya da Ingila, kafafen labaran Amurka sun ruwaito a 2024 cewa komawarsa Jami'ar Washington ta zo da yarjejeniyar kusan dala miliyan biyu.

Wasu tsofaffin kociyoyi sun kasa jurewa. Tony Bennett, wanda ya ci kofin ƙasa da Virginia a 2019, ya ajiye aiki a Oktobar 2024 yana da shekara 55, ya ce shi ba zai iya da wannan sabon yanayin ba. A Afrilun 2025 kuma Nico Iamaleava, jagoran 'yan wasan zari-rugar Tennessee, ya ƙi fitowa atisaye yayin da rahotanni ke cewa ana ja-in-ja a kan ƙarin kuɗi, daga nan ya koma UCLA. Ɗalibi ya yi yajin aiki ke nan, duk da dai ba haka ake kiran abin ba.

Kano ta taɓa ganin irin haka

Dattawan da suka yi aiki a masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a shekarun 1970 da 1980 ba za su ga baƙon abu a wannan labari ba. A lokacin, ƙwallon ƙafar Najeriya ma na 'yan dagaji ne a hukumance. Ba a biyan ɗan wasa don ya buga. Amma kamfanoni da ma'aikatu ne ke riƙe da ƙungiyoyi, kuma hanyar biyan ita ce a ɗauki ɗan wasa aiki. Sunansa na cikin takardar albashi a matsayin akawu ko mai kula da sito, aikinsa na gaskiya kuwa yana fili.

Raccah Rovers ta Kano, mai ɗauke da sunan wani gidan kasuwanci, ita ta ci gasar ƙasa a 1978. Hukumar ruwa ta WRECA tana da ƙungiya, Bankin Arewa yana da tasa. A Kaduna akwai ta masaƙar UNTL da ta kamfanin ƙera makamai na DIC, a Gboko akwai BCC Lions ta kamfanin siminti. Idan wani kamfani yana son ɗan wasan wani, sai ya yi masa tayin aiki mai gwaɓi, ko babur, ko ɗaki. Sauya sheƙa ke nan da sunan sauya wurin aiki.

A 1990 aka cire lulluɓin, aka fara gasar ƙwararru. A shekarar ce aka haɗe WRECA da Bankin Arewa da Golden Stars aka samar da Kano Pillars, wadda daga baya ta ci gasar ƙasa sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, kuma ta nan Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya ya wuce Holan a 2010.

An samu ci gaba, babu shakka. Ɗan wasa ya zama mai sana'a da sunansa, ya samu kuɗin sa hannu, ya samu damar yin ciniki. Amma akwai abin da ya tafi tare da tsohon tsarin, wanda ba a cika lissafawa ba. Ɗan wasan kamfani idan gwiwarsa ta lalace yana da teburin da zai koma. Ƙwararre ba shi da shi. Kuma da masana'antun Kano suka riƙa rufewa saboda rashin lantarki da kwararowar kayan waje, sai aka wayi gari babu teburin, babu ma kamfanin da zai riƙe ƙungiya. Shi ya sa har yau mafi yawan manyan ƙungiyoyin ƙasar nan a hannun gwamnatocin jihohi suke, kuma kukan rashin biyan albashi da alawus ba ya ƙarewa.

A jami'ar Amurka, takardar digiri ita ce teburin. NCAA da kanta tana cewa waɗanda ke zama ƙwararru a cikin 'yan wasanta ba su kai biyu cikin 100 ba. Sauran duk da takarda za su ci abinci. Kuma yawan tashi yana cin takardar, domin ba duk kwas ɗin da aka yi a wata jami'a ne sabuwar ke karɓa ba. Wani rahoton da ofishin bin diddigin ayyukan gwamnatin Amurka, GAO, ya fitar a 2017 ya ƙiyasta cewa ɗaliban da suka sauya makaranta sun yi asarar kashi 43 cikin 100 na makin kwasa-kwasan da suka tara. Rahoton ya shafi ɗalibai gaba ɗaya ne, ba 'yan wasa kaɗai ba, amma wanda ya yi jami'a uku cikin shekara huɗu ba zai tsira daga irin wannan lissafi ba.

Hangen Dala ba shiga birni ba

Tambayar da ta fi shafar uba a Na'ibawa ko Kumbotso ita ce ko ɗansa mai tsayi ko mai gudu zai samu wani abu a ciki. Amsar ba ta da daɗi kamar yadda alƙaluman ke nunawa.

Da farko, rabon kuɗin ba daidai yake ba. Jami'o'i da yawa sun tsara ba wa zari-ruga kusan kashi 75 cikin 100, ƙwallon kwandon maza 15, na mata biyar. Biyar ɗin da suka rage, wato kimanin dala miliyan ɗaya, su za a raba wa duk sauran wasanni: guje-guje da tsalle-tsalle, ƙwallon ƙafa, ninƙaya, kokawa da sauransu. Ƙwallon ƙafa, wadda ita ce wasan yaran Kano, tana can ƙasan layi.

Sasancin ya kuma zo da ƙayyade yawan 'yan wasa. Ƙwallon kwandon maza mutum 15, ƙwallon ƙafar maza 28, guje-guje 45. Akwai alheri a ciki, domin a da tallafin karatu 12.6 kacal ake yarda a raba wa duk 'yan guje-gujen maza, yanzu kuwa jami'a mai hali za ta iya ɗaukar nauyin duka 45 ɗin. Sai dai mai hali aka ce. Wadda ba ta da shi yanka take yi. A Yunin 2025 Jami'ar Jihar Washington ta sanar da soke ɓangaren tsalle da jifa don ta mayar da hankali kan gudun dogon zango. Jami'ar Saint Francis da ke Pennsylvania ta buga March Madness a Maris ɗin 2025, bayan 'yan kwanaki ta ce za ta sauka zuwa rukuni na uku, inda babu tallafin karatu na wasa ko kaɗan.

Wannan ya shafi Arewa kai-tsaye. Samuel Ogazi, ɗan jihar Kaduna, yana da shekara 18 ya kai wasan ƙarshe na tseren mita 400 a gasar Olamfik ta Paris a 2024, abin da wani namiji ɗan Najeriya bai yi ba tun Innocent Egbunike a 1988. A Yunin 2025 ya zama zakaran NCAA a wannan tsere yana sanye da rigar Alabama. Filin gudu da likita da abinci da kocin da suka kai shi nan, kuɗin zari-ruga ne ke ɗaukar nauyinsu. Yanzu da 'yan zari-ruga suka fara karɓar kasonsu a hannu, abin da zai gangaro wa irin su Ogazi na gaba ya danganta da yadda kowace jami'a ta ga dama.

Sai halin kociyoyi da ya sauya. A da koci kan ɗauko yaro ɗan shekara 18 wanda bai goge ba, ya yi shekara biyu yana gyara shi. Yanzu ya san idan yaron ya nuna, wata jami'a mai kuɗi za ta ɗauke shi ba tare da biyan ko kobo ba. Don haka gara ya shiga rumbun rajista ya ɗauko ɗan shekara 22 da ya riga ya buga wasa 90. Ko ma ya ɗauko ƙwararre daga Turai. A Disambar 2025 Jami'ar Baylor ta ɗauki James Nnaji, ɗan Makurɗi, wanda ya buga wa Barcelona wasa kuma aka zaɓe shi na 31 a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA na 2023, duk da bai taɓa buga wasan NBA ba. Hukumar da ta kori Kanter a kan dala 33,000 ita ce ta ba shi izini, manyan kociyoyi suka yi ta ƙorafi. Da irin waɗannan ne yaron da ya koyi wasa a ɗakin wasanni na filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata zai yi takarar gurbi ɗaya cikin 15.

Babban tarnaƙin kuma shi ne biza. Ɗalibin waje yana shiga Amurka ne da bizar F-1, wadda ta taƙaita masa aiki: awa 20 a mako a cikin makaranta lokacin karatu, aikin waje kuwa sai da izini na musamman. Yin talla a kan kuɗi aiki ne. Shi ya sa Oscar Tshiebwe, ɗan Kongo da ya zama gwarzon ƙwallon kwandon jami'o'i a 2022, sai da ƙungiyarsu ta Kentucky ta je Bahamas buga wasannin share fage sannan ya yi aikin tallace-tallacensa a can. Jami'o'i da lauyoyi sun ƙirƙiro dabaru, kamar a rubuta kuɗin a matsayin ladan amfani da hoto ba ladan aiki ba, amma gwamnatin Amurka ba ta fito da ƙa'ida bayyananniya a kai ba, kuma idan aka samu kuskure ɗalibin ne zai rasa zamansa.

Ana wata ga wata. A Yulin 2025 ofishin jakadancin Amurka ya sanar da cewa yawancin bizar da za a ba 'yan Najeriya ta wata uku ce, shiga ɗaya.  A Disambar 2025 kuma gwamnatin Donald Trump ta sa Najeriya cikin ƙasashen da aka dakatar da ba su sababbin bizar karatu da ta ziyara daga 1 ga Janairun 2026, ta sa Nijar a jerin waɗanda aka rufe wa ƙofa gaba ɗaya. Matakin bai shafi waɗanda ke riƙe da biza mai aiki ba, amma ya tare na baya.

A irin wannan yanayi ne dillalan bogi ke cin kasuwa. Jami'ar da ke son ɗan wasa da gaske ba ta neman iyayensa su biya kuɗin gurbi. Akwai cibiyar tantancewa ta NCAA da ɗalibi zai yi rajista da ita, ta duba sakamakon sakandarensa irin na WAEC, ta duba shekarar da ya gama, da gasannin da ya buga bayan nan, da kuɗin da ya taɓa karɓa. Wanda ya rage shekaru don ya buga gasar 'yan ƙasa da 16 zai tarar takardunsa suna ƙaryata juna a wurin.

Kocin unguwa ma yana da nasa lissafin. Idan yaro ya tafi ƙungiyar ƙwararru, dokar FIFA ta tanadi kuɗin horarwa ga ƙungiyoyin da suka yi rajistarsa tun yana shekara 12, da kuma kashi biyar cikin 100 na kuɗin sayensa idan ya sauya ƙasa. Idan jami'a ya tafi, babu kobon da zai dawo a lokacin. Ba abin mamaki ba ne idan kocin da ya sayi ƙwallo da riga daga aljihunsa ya fi son yaronsa ya nufi ƙaramar ƙungiya a Turai.

A gida fa?

Kwatanta wannan da wasannin manyan makarantun Najeriya kusan zalunci ne. Gasar jami'o'i ta NUGA ta fara tun 1966 a Ibadan, kuma kamata ya yi a riƙa yin ta duk bayan shekara biyu, amma tsakanin ta Makurɗi a 2017 da ta Legas a 2022 shekara biyar aka yi. A 2022 ɗin ma malaman jami'a sun yi wata takwas suna yajin aiki. Kwalejojin kimiyya da fasaha suna da NIPOGA, kwalejojin ilimi irin su Sa'adatu Rimi da ke gaba kaɗan da Na'ibawa suna da NICEGA. A 2018 wani kamfani mai zaman kansa ya fara gasar ƙwallon ƙafar manyan makarantu ta HiFL, inda aka ga ƙungiyoyi irin su BUK Stallions da ABU Nobles, Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi ta ɗauki kofin farko.

Babu haƙƙin talabijin na biliyoyi a nan, don haka babu abin da za a yi shari'a a kai. Ɗalibin da ya wakilci makarantarsa yakan samu ɗan alawus na kwanakin gasa, wani lokaci ɗaki a hostel. Biyan kuɗin da aka sani a wasannin makarantunmu na sojojin haya ne, wato a ɗauko wanda ba ɗalibi ba a sa masa riga, abin da ya sa masu shirya gasa ke ɓata kwanaki suna tantance katin shaida. Amurka ta daɗe tana fama da ɗaliban da ake biya a ɓoye. A nan kuwa ana biyan waɗanda ba ɗalibai ba ne, ɗaliban na gaskiya suna benci.

Ɗalibi ne ko ma'aikaci?

Abin da ya rage a Amurka tambaya ce da kowane lebura a Challawa ya san nauyinta. Wanda ake biya, ake sa masa lokacin zuwa da na tashi, ake iya sallamarsa idan bai yi ƙoƙari ba, ma'aikaci ne ko kuwa? Idan ma'aikaci ne, yana da haƙƙin ƙungiyar ƙwadago, da diyyar rauni, da zama a teburin ciniki. Jami'o'i sun ce a'a, kuma suna matsa wa majalisar dokoki ta rubuta hakan a doka. A Yulin 2025 Trump ya sa hannu a wani umarni da ya nemi hukumomin ƙwadago su fayyace matsayin 'yan wasan, ya kuma nemi a kare wasannin mata da waɗanda ba sa kawo kuɗi.

'Yan ƙwallon kwandon Kwalejin Dartmouth sun gwada. A Maris ɗin 2024 suka kaɗa ƙuri'a, 13 suka amince da shiga ƙungiyar ƙwadago, biyu suka ƙi. A ƙarshen Disambar shekarar suka janye buƙatar, makonni kafin sabuwar gwamnati ta kama aiki. Wasu 'yan wasa mata kuma sun ɗaukaka ƙara a kan rabon diyyar dala biliyan 2.8, suna cewa ya saɓa wa dokar daidaito tsakanin maza da mata ta 1972, tunda kaso mafi tsoka na maza ne.

Ga ɗan Najeriya, nasarar abokan wasansa a wannan fage na iya zame masa wani tarkon. Ranar da kotu ta ce ɗan wasan jami'a ma'aikaci ne, bizar karatun da ke hannunsa ba ta ba shi izinin wannan aikin ba. Sasancin House dai na shekara 10 ne, kuma an tsara dala miliyan 20.5 ɗin za su ƙaru da kusan kashi huɗu cikin 100 a kowace shekara ta farko-farko.